Yau a Tarihin Wa?

Wajen ƙarfe bakwai na safe, a teburin mai shayi ko a cikin adaidaita sahun da ya maƙale a cunkoson Ƙofar Nassarawa, rediyo na kunne, sai mai gabatarwa ya gyara murya ya ce, “Yau a tarihi.” Sai ya fara jerowa. A rana irin ta yau aka naɗa wata sarauniya a Ingila. A rana irin ta yau aka haifi wani mawaƙi a Amurka. A rana irin ta yau wata ƙungiya a Sifen ta ɗaga kofi. Sunayen da ƙyar suke fita daga bakinsa, domin daga wayarsa yake karantowa yana juyawa Hausa nan take, shi ya sa za ka ji ya yi tuntuɓe a kan suna, ya maimaita, ya sake tuntuɓe, ya wuce abinsa. Mai shayi na zuba madara, ba wanda ya ɗaga kai. Kafin azahar jerin nan ya gama zagaye Facebook da zaurukan WhatsApp, da kurakuransa da komai.

Ba shirin nake ƙi ba. Dabara ce mai kyau. A ƙasar da aka shafe shekaru an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi, waɗannan mintuna biyar ɗin su ne iyakar tarihin da mutane da yawa ke ji. Don haka ne ma bai kamata a bar shi a hannun duk wanda ya fi saurin buɗe intanet ba. Ƙorafina biyu ne: jerin da ake karanta mana wasu ne suka tsara shi bisa abin da ya dame su, sannan ɗan abin namu da ake cusawa a ciki yawanci ba a tantance ranarsa ba.

A ɗauki 15 ga Janairu. Wanda ya buɗe jerin Turanci zai tarar an bi shekaru ne daga nesa zuwa kusa. A 1559 aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. A 1759 aka buɗe babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. A 1918 aka haifi Gamal Abdul Nasir na Masar, a 1929 aka haifi Martin Luther King. A 1967 aka buga wasan Super Bowl na farko a Amurka, a 2001 aka buɗe Wikipedia, a 2009 wani matuƙi ya sauke jirgin fasinja a kan kogin Hudson kowa ya fita da rai. Duk gaskiya ne. Amma a tsakiyar wannan tari, layi ɗaya tak aka ba 1966, daren da sojoji suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da matarsa Hafsatu a gidansa na Kaduna, suka kashe Akintola a Ibadan, suka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas, suka kashe manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Layi ɗaya kuma aka ba 1970, ranar da Philip Effiong, mai riƙon shugabancin Biyafara, ya miƙa wuya ga Janar Gowon a barikin Dodan yaƙin basasa ya ƙare. Mai gabatarwar da ya fara daga sama, kafin ya iso 1966 talla ta cinye lokacinsa. Bakanon da ke sauraro ya tashi ya san ranar da aka buɗe gidan tarihi a Landan, bai ji dalilin da ya sa ake bikin tunawa da ’yan mazan jiya a ranar ba.

Wani misalin ya fi wannan ciwo, domin duk abubuwan a yini guda suka faru, ba a shekaru daban-daban ba. Ranar 22 ga Janairu 1973, tsohon shugaban Amurka Lyndon Johnson ya mutu, kotun ƙolin ƙasar ta yanke shahararren hukuncinta kan zubar da ciki, George Foreman ya kayar da Joe Frazier a Kingston ta Jamaika ya karɓe kambin damben duniya. A safiyar ranar nan, jirgin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda Legas ya nufa amma aka karkato shi Kano saboda yanayi, ya yi hatsari wajen sauka a filin jirgin saman Kano ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu, kuma a lokacin yana cikin haɗurran jirgin sama mafiya muni da duniya ta gani. Har yau akwai gidajen da kakansu a cikin jirgin nan ya tafi. Idan gidan rediyon Kano ya buɗe 22 ga Janairu da damben Foreman, ai an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ake mantawa shi ne, tsara jeri hukunci ne. Abin da ka sa a gaba ka ce shi ne babba, ko ka yi nufi ko ba ka yi ba. Bature da ya sa saukar sojojin ƙawance a Normandy a 1944 a saman 6 ga Yuni bai yi laifi ba, ranar tasa ce. Mu a nan, 6 ga Yuni ita ce Juma’ar da Sarki Ado Bayero ya rasu a 2014 bayan shekara hamsin da ɗoriya a kan karaga. A karanta duka biyun, amma a san wanda ake fara gaisarwa.

Akwai kuma wani ruɗu da shirin ke haifarwa ba da gangan ba: ganin cewa haɗuwar abubuwa a rana ɗaya na da wata ma’ana a ɓoye. Ba ta da ita. Shekara aljihu 366 gare ta, duk abin da ya taɓa faruwa dole ya faɗa ɗaya daga ciki. Mutanen duniya sun haura biliyan 8, in ka raba su a kan kwanakin shekara kowace rana za ta tashi da kusan miliyan 22. Ko a filin ƙwallo, in ka haɗa ’yan wasa 22 da alƙalin wasa, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi, saboda mutum 23 za a iya haɗa su bibbiyu ta hanya 253. To me ya rage na mamaki don Ronaldo da Neymar duk 5 ga Fabrairu aka haife su, ɗaya a 1985 ɗaya a 1992? Ranar 10 ga Afrilu 1957 aka haifi Aliko Ɗangote a Kano, ranar 10 ga Afrilu 1994 Najeriya ta ci Zambiya 2 da 1 a Tunis ta ɗauki kofin Afirka. Ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato, ranar 15 ga Maris 1974 aka haifi Ali Nuhu. Ba abin da ya haɗa su sai kalanda. Amfanin haɗuwar ɗaya ne: ƙugiya ce ta rataye tunani. Yaron da ya zo don jin labarin Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a wasa da Bulgeriya ranar 21 ga Yuni 1994, ana iya riƙe kunnensa minti ɗaya a gaya masa cewa ranar 21 ga Yuni 1804 aka gwabza a Tafkin Kwatto tsakanin jama’ar Shehu da rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Don haka ba na cikin masu cewa a cire ƙwallo da taurari daga shirin. Su ne ke tara jama’a. Garin da gidajen kallo ke cika maƙil duk ƙarshen mako, ba za ka ce a daina ambaton Messi ba.

Wani lokaci kuwa haɗuwar kan ba da labari mai daɗin ji in an samu mai iya ɗinkawa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta shiga Kano, Sarki Alu ba ya gari, yana can Sakkwato. Ranar 3 ga Fabrairu 1960 Firayim Ministan Birtaniya Harold Macmillan ya tsaya a majalisar Afirka ta Kudu ya yarda cewa guguwar sauyi na kaɗawa a nahiyar, wato mulkin mallaka ya zo gargara. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ɗan Kano, Janar Murtala Muhammad, ya sanar da mayar da jihohi 19 da kuma ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja. Kwana goma bayan nan, ranar Juma’a 13 ga wata, aka harbe shi. Wannan shiri ne cikakke na minti biyar, ba a buƙatar ƙara masa ko da mawaƙi ɗaya.

Sai maganar tantancewa, wadda ita ce aikin gaske, kuma a nan ne aka fi zamewa.

Tarko na farko kalandarmu biyu ce. Kusan duk abin da malamanmu suka rubuta kafin zuwan Turawa da lissafin Hijira suka rubuta shi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka ranakun biyu ba sa sake haɗuwa kusa da juna sai bayan shekara 33. Mai son kimanta shekara sai ya raba ta Hijira gida 33, ya cire abin da ya samu daga cikinta, ya ƙara 622. Shehu Usmanu ya rasu a 1232: in an raba a samu 37, a cire saura 1195, a ƙara 622 ya zama 1817. Wannan shekara kawai yake bayarwa, kuma yakan kauce da ɗaya, tunda shekarar Hijira guda takan taka ƙafa cikin shekarun Miladiyya biyu. Cikakkiyar ranar ita ce 3 ga Jimada Sani 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817. To yaushe ne “rana irin ta yau” ga rasuwar Shehu? Duk biyun daidai ne, amma dole mai shiri ya faɗi da wanne yake ƙirga. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗauki 3 ga watan shida na Hijira a mayar da shi 3 ga Yuni, kuma ana yi.

Manhajojin juya kwanan wata da ke cikin waya ma ba a sakar musu jiki gaba ɗaya. Su lissafi suke bi, mu kuwa ganin wata muke bi, kuma sai Sarkin Musulmi ya sanar. Saɓanin kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba. Maganinsa ranar mako. Tsofaffin marubuta kan ce “ranar Alhamis, goma ga wata,” in manhaja ta ba ka Juma’a, sai ka ja baya kwana ɗaya ka bi Alhamis ɗin, domin mutum kan rikice da kwanan wata amma da wuya ya rikita ranar da aka yi Juma’a. A nan ma da wani ƙaramin rami. A lissafinmu dare ne ke gaba da yini, rana na farawa daga magariba. In takarda ta ce abu ya faru “daren Juma’a,” daren Alhamis wayewar Juma’a take nufi. Wanda ya saba da lissafin agogo zai tura abin gaba da kwana guda bai sani ba.

Akwai kuma abin da ake asara in an tsaya kan Miladiyya kaɗai. Ranar 15 ga Janairu 1966 Asabar ce, kuma cikin goman ƙarshe na Ramadan 1385 ta faɗo. Wanda bai san haka ba, ba zai gane nauyin da labarin ya yi a zukatan mutanen Arewa ba, ana azumi, ana shirin sallah. Sai a 1999 ranar ta sake faɗowa cikin goman ƙarshe, shekara 33 cif.

Tarko na biyu bambancin agogo ne tsakanin ƙasashe. Littattafan Amurka sun ce ɗan Adam ya taka duniyar wata ranar 20 ga Yuli 1969, kuma a agogonsu haka ne, wajen sha ɗaya saura na dare. A Kano lokacin ƙarfe huɗu saura ’yan mintuna ne na asubahin 21 ga wata. Damben Muhammad Ali da Foreman a Kinshasa kuwa akasin haka ya faru: ƙarfe huɗu na asubahin 30 ga Oktoba 1974 aka fara, agogonsu ɗaya da namu, an zaɓi lokacin ne don ’yan kallo a Amurka, inda a wurinsu daren 29 ne. Duk wasan da aka buga da dare a nahiyar Amurka sai an duba wannan. Ga kuma rubutun lamba: 3/2/1903 a wurinmu 3 ga Fabrairu ne, a wurin Ba’amurke 2 ga Maris. Mai kwafe daga shafin Amurka ba tare da lura ba zai ci Kano wata guda a makare.

Tarko na uku shi ya fi yawa a tarihinmu na kusa: abu ɗaya mai ranaku da yawa. Gowon ya sanar da ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, amma sababbin jihohin Arewa ba su karɓi ragamar harkokinsu ba sai 1 ga Afrilu 1968. Effiong ya yi shelar ajiye makami ranar 12 ga Janairu 1970, aka yi bikin miƙa wuya ranar 15. An ɗauke Tafawa Ɓalewa ranar 15, amma sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga zirga-zirga a 1912. Sarki yana da ranar da masu zaɓe suka zaɓe shi, da ranar da gwamnati ta sanar, da ranar da aka ba shi sanda, wani lokaci watanni ne a tsakani. Mai shiri ya zaɓi ɗaya ya kira ta da sunanta. Kada ya ce “aka naɗa” alhali ranar sanarwa yake riƙe da ita. Jarida ma tana da nata: kwanan watan da ke goshinta ranar fitowarta ce, abin da take ba da labari jiya ya faru ko shekaranjiya. Jaridar mako kuwa “jiya” ɗinta na iya zama kwana huɗu baya.

Wani kuskuren ba a rana yake ba, a cikin jimlar yake. Duk 8 ga Agusta sai ka ji an ce a rana irin ta yau a 1950 Malam Aminu Kano ya kafa jam’iyyar NEPU. Ranar daidai ce, kuma a Kano aka yi. Amma mutum takwas ne suka zauna, cikinsu da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam a lokacin yana koyarwa a Maru, daga baya ya ajiye aiki ya zo ya zama jagoranta. Faɗin haka bai rage masa komai ba, rashin faɗi ne ke shafe mutum takwas.

Ranakun haihuwa su ne mafi rauni a duk jerin, kuma a nan ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan. Bature na da rajistar coci da ta gwamnati tun ƙarnoni. Mu sai bayan samun ’yancin kai aka yi dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a faɗin ƙasa, kuma har gobe ba kowa ke yi ba. Wanda aka haifa a cikin Birni ko a ƙauyen Gezawa a shekarun 1940, ranar da ke kan fasfonsa sau da yawa ranar da ya zauna gaban akawun kotu ce aka ƙirƙiro ta wajen rantsuwar shekaru, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi wa sauran ranaku fintinkau a takardunmu. Ba wai Bahaushe bai damu da lokaci ba ne, wata hanyar ajiya gare shi. Sunan kansa rajista ne: Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe sun riƙe ranar mako, Azumi da Sallau sun riƙe wata, Marka da Anaruwa sun riƙe damina. Shekara kuma da abin da ya faru ake kama ta: shekarar zuwan Sarauniya, wato 1956, shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973, shekarar UPE, shirin ilimin firamare kyauta, 1976. Saboda haka, ga manyanmu na da, ranar rasuwa ta fi ranar haihuwa tabbas nesa ba kusa ba, tunda an yi jana’iza a gaban jama’a kuma jarida ta buga. Alhassan Ɗantata 17 ga Agusta 1955, Malam Aminu 17 ga Afrilu 1983, Mamman Shata 18 ga Yuni 1999, Abubakar Rimi 4 ga Afrilu 2010, Rabilu Musa Ibro 10 ga Disamba 2014, Ɗanmasani Maitama Sule 3 ga Yuli 2017. Shirin da aka yi don Hausawa ya fi dacewa ya jingina da waɗannan, kuma ya dace da ɗabi’armu ta cewa Allah ya jiƙan wane. Ta ’yan ƙwallo kuwa sai a ce “bisa takardunsa.” Ba don wasa ba FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa a 1989 kan saɓanin shekaru, ta kuma fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun yara a gasar ’yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Kano na cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncinta.

Tunda an zo kan wasanni, a nan ne talaucin ajiyarmu ya fi fitowa fili. Tsaya a ƙofar filin wasa na Sani Abacha ranar da Kano Pillars ke gida, ka tambayi matasa ranar da Ajantina ta ɗauki kofin duniya a Ƙatar, da yawa za su ce maka 18 ga Disamba 2022 ba tare da duba waya ba. Tambaye su ranar da Pillars ta tabbatar da kofin lig na 2008, ko na 2012, 2013 da 2014, ko ranar da ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 a hanyarta ta zuwa wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka. Za a yi ta gardama. Raccah Rovers, wadda ta kawo wa Kano kofin lig tun 1978, wasu ko sunanta ba su taɓa ji ba. Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland ranar 22 ga Yuni 2018 suna ko’ina a intanet saboda FIFA ce ta ajiye, amma ƙwallaye 18 da ya ci wa Pillars a kaka guda kafin ya fita waje, wa ya jera ranakunsu? Dambe kuwa ba a magana. Karon Shago da Ɗandunawa kowa ya ji labarinsa, a baki yake yawo ba shi da kwanan wata.

Sai ranakun baƙin ciki, waɗanda masu shiri ke tsallakewa don gudun fitina. Rikicin Kano na Mayun 1953, rikicin Maitatsine na Disambar 1980, faɗuwar jirgi a Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002, hare-haren 20 ga Janairu 2012, harin Babban Masallacin Juma’a ranar 28 ga Nuwamba 2014. Ra’ayina a karanta su, a taƙaice, ba kwalliya, ba kiran sunan ƙabila da zargi, a rufe da addu’a. Kuma wanda ya karanta 15 ga Janairu 1966 da murya mai rawa, dole ya iya karanta juyin mulkin 29 ga Yuli na shekarar, da kashe-kashen da aka yi wa ’yan kudu maso gabas a garuruwan Arewa har da Kano a watannin da suka biyo baya. In ana zaɓen wanda za a tuna da wanda za a binne, an bar tarihi an koma waƙar siyasa.

Gyaran ba ya buƙatar kwangilar miliyoyi. Kati 366 ake so, ko layi 366 a kwamfuta. Kowane abu da za a shigar a rubuta masa ranar Miladiyya, da ta Hijira, da ranar mako, da wurin da ya faru, da jimla biyu na bayani, da madogara biyu waɗanda ba daga juna suka kwafa ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ƙashin bayan aikin, domin shafuka ashirin a intanet da suka faɗi abu ɗaya galibi mutum ɗaya ne ya fara rubutawa sauran suka ɗauka. Sannan a yi wa kowane abu alama: tabbatacce, ko mai saɓani, ko wanda wata da shekara kawai aka sani. Ɗalibai goma daga sashen tarihi na Jami’ar Bayero, kowa ya ɗauki kwana 36 ko 37, malami ɗaya na dubawa, zango guda ya isa a samu zubin farko. Kayan aikin suna nan kusa: Gidan Makama, Gidan Ɗan Hausa, Mambayya, ɗakin karatu na Murtala Muhammad, sai Gidan Arewa da ma’ajiyar takardun ƙasa a Kaduna. Ga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, ga New Nigerian tun 1966, ga Triumph da Albishir da Alfijir ta ajami. Duk wanda ya taɓa buɗe ɗaurin tsohuwar jarida ya san yadda take: takardar ta yi ja kamar an shafa mata lalle, gefenta na marmashewa a yatsa, gara ta huda tsakiya, wani lokaci kusurwar da kwanan wata yake ita ce ta fara tafiya. Ana ɗaukar hoton shafin gaba ɗaya da waya, har da goshinsa, kafin a juya shi.

A kan iska kuma, minti biyar ba ya ɗaukar fiye da abu huɗu ko biyar in ana so a fahimta. Na gida ɗaya a ba shi rabin lokacin, a faɗi dalilinsa da abin da ya haifar. Saura a raba wa Najeriya da Afirka da duniya da wasanni. A gwada furta sunayen baƙi kafin a kunna makirfo. Ranar da aka yi kuskure a gyara washegari a daidai lokacin, da baki, kada a yi shiru.

Za a tarar wasu ranakun sun cika har sun tumbatsa, wasu fayau. A nan ne jarabar ƙirƙira ke zuwa, kuma a nan ake so a danne zuciya. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara a 1908, tsawon mulkin sarakuna ya bayar, daga nan aka ƙirgo baya aka samu 999 ga Bagauda da 1463 ga Muhammadu Rumfa. Duk wanda ya ce maka a rana kaza ga wata kaza Rumfa ya hau karaga, daga kansa ya ciro. Irin waɗannan sai a ajiye su don ranakun da ba su da kaya, a ce “yau ba mu da abin da ya faɗo a ranar, ga wani daga zamanin Rumfa.” Wasu ranakun kuma da kansu za su cika in an tona, kamar 1 ga Nuwamba, ranar da jiragen sama uku na sojan Birtaniya da suka taso daga Masar suka sauka a Kano a 1925.

Abin da ba ya cikin takarda yana bakin tsofaffi, kuma akwai yadda ake tambayarsu. Ba a ce wa tsohuwa “wace shekara ce?” Ana cewa: wa ke sarauta, damina ce ko rani, kafin sallah ko bayanta, wace rana ce a mako, me ya faru a gari a lokacin? Sai a ɗora amsoshin a kan kalanda. A ce ta ce ɗanta Ɗanladi da azumi aka haife shi, azumin da aka kashe Sardauna. Ramadan ɗin nan ya fara ne a ƙarshen Disambar 1965, Lahadin da ke cikinsa huɗu ne: 26 ga Disamba, da 2 da 9 da 16 ga Janairu. In ta ƙara da cewa an shiga goman ƙarshe, telan unguwa na ta fama da ɗinkin sallah, to saura ɗaya, 16 ga Janairu 1966, ko da fasfonsa 1 ga Janairu ya ce.